Yadda na zaɓar wa Kawu wurin dariya a Las Vegas

Kawuna ɗan kasuwa ne a Yamai. Farantan sola da batura da wayoyin hannu yake shigowa da su, kuma duk ƙasar da za shi inda Faransanci ba ya aiki, ni ne tafintansa. A ƙarshen 2022 ya samu takardar shiga bajekolin kayan fasaha na CES, wanda ake yi duk watan Janairu a Las Vegas ta jihar Nevada. Da biza ta fito sai ya raba mana aiki. Ɗansa na fari da ke zaune a Greensboro ta Amurka shi zai kama ɗakuna, ya taho da matarsa da yaronsu mu haɗu a can. Ni kuma ya dube ni ya ce: "A Dubai na ga gini, a Sin na ga kaya. Wannan garin an ce na wasa ne. Caca ba tawa ba ce, giya ba tawa ba ce. Ka nemo mana inda ake dariya."

Wanda bai san Kawu ba zai ce aikin ƙarami ne. Bagobiri ne na ainihi, Bazabarme ba ya wuce ƙofar shagonsa bai sha tsiya ba, kuma in aka rama masa da wadda ta fi tasa shi ne na farkon tafawa. Ya girma da wasannin su Yazi Dogo a rediyo da talabijin, ya shekara da shekaru yana sauraron Mamane da Gondwanarsa a RFI. Mutumin da ya ga ƴan kama suna wa'azin tuwo da miya tun yana yaro ba ka kai shi inda zai zauna yana kallon wasu suna dariya.

Na fara da intanet, da dare a fadarmu, ana dafa shayi ina latsa waya. Jerin "gidajen barkwanci goma da suka fi kyau" ba ya ƙirguwa, sai dai duk Amurkawa aka rubuta wa, masu jin harshen tun daga nono, waɗanda ba ruwansu da wanda zai zauna kusa da su. Na bar bin jerin, na ɗauki takarda na fara rarraba wasannin da kaina. Sai na ga iri uku ne.

Akwai manyan taurari, waɗanda ke zuwa dare ɗaya ko biyu su cika babban zaure su tafi, irin su Jerry Seinfeld a zauren Colosseum na otal ɗin Caesars Palace, mai ɗaukar mutum sama da 4,000. Akwai kuma ƴan gida, wato wanda otal ya ba ɗaki nasa na kansa, yana yin wasa ɗaya kusan kullum shekara da shekaru: Carrot Top a Luxor tun 2005, Penn da Teller a Rio tun 2001. Na ukun su ne ƙananan gidajen barkwanci, inda mutane uku ko huɗu ko biyar ke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya, kuma sunayen kan canza duk mako. A wannan sahun ne kulob ɗin Brad Garrett yake a MGM Grand, da Comedy Cellar da ya buɗe reshe a Rio a 2018 bayan ya yi suna a New York, da na Jimmy Kimmel a layin LINQ tun 2019, da L.A. Comedy Club a can STRAT, da Laugh Factory da ke Tropicana a lokacin. Abu na farko da na lura da shi, sunan da ke jikin ƙofa ba lallai shi ne zai hau dandamali ba. Brad Garrett yakan yi wasa a gidansa wasu makonni, kuɗin shiga ya tashi, sauran lokaci wasu ne. Jimmy Kimmel kuwa a garin ya tashi, amma aikinsa na talabijin a Los Angeles yake. Duk wanda ya sayi tikiti don sunan ƙofa sai ya buɗe kalandar gidan ya ga wa aka rubuta a daren da zai je.

Daga nan sai gwajin kunne, wanda shi ne ya ci mini lokaci fiye da komai. Ingilishina na jami'a ne da na ciniki. Ina iya jayayya da mai kamfani a kan farashin batir har in ci riba, amma barkwancin mutum ɗaya tsaye da makirufo wani abu ne daban. Na riƙa neman bidiyon kowane mai wasa a YouTube, in kashe rubutun da ke fitowa a ƙasa, in saurara kamar ina cikin zauren. Da yawansu ina fahimtar kowace kalma amma ban san me ya ba mutane dariya ba, domin maganar a kan wani ɗan siyasar jiharsu ce, ko wani tallan talabijin na lokacin ƙuruciyarsu, ko yadda mutanen wani gari ke tuƙi. Wasu kuma saurin bakinsu ya fi kunnena. Kafin in kama jimlar farko, zauren ya riga ya fashe a kan ta uku.

Na gwada wa Kawu a shago bayan la'asar. Na kunna masa wani tauraro da ake ji da shi, ina fassara masa a gefe. Ya saurara da haƙuri, da na gama ya ce: "To, madalla. Ina abin dariyar?" Gaskiyarsa ce. Raha ba ta jiran tafinta. Kafin in juya ta zuwa Hausa ta huce, kuma a cikin zaure ma ba za a bar ni ina raɗa a kunnen mutum har a tashi ba. A ranar na soke sahun manyan taurari gaba ɗaya. Tikitinsu kan wuce dala 100 ga mutum ɗaya, a lokacin kuwa dalar Amurka ɗaya ta haura sefa 600. A ce mu zuba wannan kuɗi don Kawu ya kalli ɗan mitsitsin mutum daga nesa yana magana da harshen da ba ya ji, ai babu dalili. Wasu daga cikinsu ma sai an kulle wayarka a wata ƴar jaka har a gama, ga Kawu kuma ba ya rabuwa da tasa ko a wurin ɗaurin aure.

Gwaji na biyu ba a rubuta shi a kowane jeri ba, kuma shi ya fi nauyi a wurinmu: wa zai zauna kusa da wa. Za mu shiga ne da Kawu, da ɗansa na fari wanda ko sunansa ba ya kamawa, sai dai ya ce "yaron nan", da surukarsa wadda ba ta cin abinci a gabansa, da jikansa ɗan firamare. Barkwancin dare a garin nan kuwa rabinsa maganar shimfiɗa ce, tsirara, ba sakaye. A ce mai wasa ya saki irin wannan magana suruki da suruka suna jere, ko da Kawu bai ji Ingilishi ba zai ga hannun mai wasan, zai kuma ga yadda ta sunkuyar da kai. Ni da na zaɓi wurin ni zan sha kunyar har mu dawo Yamai, har a ba da labarina a gidan suna.

Abin da ya taimake ni shi ne ƙa'idar shekaru da kowane wasa ke rubutawa a shafinsa, ko da yake da ƙananan haruffa. Inda aka ce sai mai shekara 21, to akwai giya a teburi kuma baki a sake yake. Inda aka ce 18, bakin dai a sake yake. Inda ake barin yara ƙanana, nan ne mutum zai iya zama da surukinsa. Da wannan ma'auni na cire Absinthe, wasan da ake yi a cikin tanti a gaban Caesars Palace tun 2011, wanda kowane jeri ke yabo. Masu wasan tsalle-tsallensa gwanaye ne, amma mai gabatarwar ba abin da ba ya faɗa, kuma ƴan kallo yake kamawa da shi. Carrot Top ya ɗan ja hankalina domin da kayayyaki yake wasa, yana zaro abubuwan da ya harhaɗa daga akwatuna yana nunawa, abin da ido zai gani ko kunne bai ji ba. Da na kalli bidiyonsa da kyau sai na ga shi ma ba na zama da suruka ba ne.

Har na fara tunanin ko garin ba shi da abin da zai yi mana, sai taubashina, ɗan Kawun na Greensboro, ya turo mini saƙon murya daga cikin babbar motar da yake tuƙi. Bayan ya gama zagina cewa ɗan boko ya kasa nemo dariya, ya ce in bar neman masu surutu in nemi ƴan dabo. A nan ƙofa ta buɗe. Ashe akwai wani sahu da nake tsallakewa saboda ba a sa shi a ƙarƙashin barkwanci zalla: masu haɗa rufa-ido da ban dariya, da masu wasa ba tare da magana ba. Teller, abokin Penn, ba ya furta komai a kan dandamali. Blue Man Group a Luxor su ma shiru suke, sai ganguna da fenti. Akwai Tape Face, ɗan ƙasar New Zealand mai suna Sam Wills, wanda ke manne bakinsa da baƙin salatif, ya yi suna a gasar America's Got Talent ta 2016. Akwai kuma Mac King, wanda ya shafe kusan shekara 20 yana wasan rana a Harrah's kafin ya koma Excalibur a 2021. Na kunna wa Kawu mai salatif ɗin. Ban fassara ko kalma ɗaya ba, sai ga shi yana buga teburi yana kiran yaron shago ya zo ya gani.

Sai maganar kuɗi. Farashin da aka rubuta da manyan lambobi ba shi ne za ka biya ba. Nevada na karɓar harajin nishaɗi, kashi 9 cikin 100, a wuraren da ke ɗaukar mutum 200 zuwa sama. A kan wannan masu sayarwa ta intanet suna ɗora nasu ladan, wanda ba ya bayyana sai ka kai shafin ƙarshe. Na riƙa bin kowane tikiti har bakin biya in ga jimlar gaskiya, in rubuta, in fita. Wani shafin da ya yi kama da mai araha ya zama shi ne mafi tsada, domin ashe dillalai ne da suka saya suke sake sayarwa. Shafin otal ɗin da kansa ya fi shi sauƙi. Wasu ƙananan gidajen kuma suna da sharaɗin sai kowa ya sayi abin sha biyu. Wannan ya tayar mini da hankali har sai da taubashina ya ce lemo da ruwa ma suna shiga lissafi, sai dai tsadarsu ba ta da nisa da ta giyar. Ga tukwicin mai kawo abin shan, wanda a can ba alheri ba ne, kusan wajibi ne, kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Katin bankina na nan bai samu shiga ba, saboda haka taubashin ne ya biya da nasa, Kawu ya ba mahaifiyar taubashin kwatankwacin kuɗin da sefa a gida, kamar yadda aka saba.

Ban sayi komai ba sai da na zauna da taswira da agogo. A hoto otal-otal ɗin kamar suna manne da juna, amma babban titin da ake kira Strip ya kusa kilomita 7, kuma kowane otal unguwa ce guda. Daga bakin titi zuwa ƙofar zauren wasa tafiya ce mai tsawo, kuma kusan kullum sai ka ratsa tsakiyar injinan caca, da gangan aka tsara haka. Yaro yana iya wucewa tare da manya amma ba a yarda ya tsaya ba, domin caca sai mai shekara 21. Rio ba ya kan titin ma, yana hayin babbar hanya ta yamma, sai da mota. STRAT yana can ƙarshen arewa. Excalibur da Luxor da MGM Grand da Tropicana, wanda ke tsaye a lokacin, kuwa suna kudu kusa da juna, da gadojin ƙafa da ɗan jirgin da ke haɗa wasunsu kyauta. Daga MGM Grand ne jirgin sama-da-titi ke tashi, yana tsayawa a bakin zauren bajekolin. Na ce wa taubashina ya kama mana ɗakuna a wannan kusurwa, saboda gwiwar Kawu.

Agogon ya fi taswirar muhimmanci. A lokacin sanyi tsakanin Yamai da Las Vegas awa 9 ne. Wasan ƙarfe 8 na dare a can, asuba ce a jikin wanda ya taso daga nan. Na ƙarfe 10 kuwa hantsi ya kusa, mutum bai runtsa ba. Dattijon da ya kwana biyu a jirgi ba ka kai shi wasan dare a farkon zuwa, barci za ka saya masa da tsada. Ga salla. A farkon Janairu rana na faɗuwa a can kafin ƙarfe 5, isha ta shiga da wajen 6 da ƴan mintoci, la'asar kuwa tun wajen 2 da rabi. Wasan ƙarfe 3 na rana ya zauna daram tsakanin la'asar da magariba, na ƙarfe 7 ko 8 kuma bayan isha. Sai kuma a duba ranar hutun kowane wasa, domin ƴan gida ba sa yi duk mako cur, kuma a makon CES garin cike yake, mutane sama da 100,000 ne suka zo na shekarar. Na saya mana na Mac King tun daga Yamai, na ranar da ba a buɗe bajekolin ba tukuna. Sauran na bari sai mun je.

Mun sauka a filin jirgin Harry Reid, inda injinan caca ke tarbar mutum tun bai ɗauki jakarsa ba. Kawu ya dube su ya ce a'uzubillahi, ya wuce. Washegari da muka fita titi sai ga masu tare hanya, kowa da takarda a hannu. Wata mata mai fara'a ta ce za ta ba mu tikitin wasa kyauta. Kawu, da jin kyauta, ya tsaya. Taubashina ya ja hannunsa ya ce: "Baba, mu tafi." Ya bayyana mana a gaba cewa sharaɗin shi ne ka je ka zauna awanni ana matsa maka ka sayi rabon wani gidan hutu, ka riƙa biya duk shekara. Kawu ya ce ai ya san irinsu, a kasuwa ma wanda ya fara ba ka ruwan sanyi shi zai yanke ka. Rumfunan rangwame na gaskiya daban suke: suna da allo da ke nuna wasannin ranar da ba su cika ba, da farashin kowanne. A can na samo mana na mai salatif da sauƙi. Sai dai ba ka zaɓen kujera yadda kake so, kuma wasan da ake rububi ba ya zuwa allon.

Zauren Mac King ba babba ba ne, kuma cike yake da iyalai, kakanni da jikoki, abin da ya kwantar mini da hankali tun kafin a fara. Na zaɓar mana kujerun tsakiya da gangan, domin masu irin wannan wasa daga sahun gaba suke jawo mutane zuwa dandamali, Kawu kuwa da babbar riga da hula ba ya ɓoyuwa. Mutumin ya fito da kwat mai zanen dara wadda ta yi masa yawa, yana magana a hankali kamar baƙauyen da ya ɓata hanya. Yana magana, ba shiru yake ba, amma maganar rakiya ce kawai, abin dariyar a hannunsa yake. Ya yanka igiya ta koma ɗaya. Ya sa hannu a aljihu zai zaro katin da aka zaɓa sai ga biskit, ya sake sai ga biskit. Ya yi kamun kifi a iska sai ga ɗan jan kifi mai rai a cikin kofi. Inda Kawu ya ƙare shi ne lokacin da ya saka rigar ruwa rawaya ya ce yanzu ba mai ganinsa, ya riƙa sanɗa a gaban kowa. Jikan ne ya raɗa masa ma'anar da Hausarsa ta ƴan Amurka, kalma uku, ta wadatar. Kawu ya yi dariya har hularsa ta zame, yana dukan kafaɗar yaron yana cewa: "Abokina, ka ga ɓarawon banza!" Surukar tana can ƙarshen layi ta rufe baki da gyale kafaɗunta na rawa. Mun fito da sauran rana, muka koma ɗaki muka yi magariba.

Na mai salatif da dare ne, bayan isha, mu uku maza. Ba magana ko ɗaya, sai kiɗa da idanunsa da ya zagaye da baƙin kwalli da jakar tarkacen da ke rataye a kafaɗarsa. Safar hannu ta ɗaukar tukunya ta zama mawaƙa biyu. Yana kiran mutane daga cikin zaure da nuni kawai, ya sa su yin abin da ba su san inda zai kai su ba. Wani ɓangaren yana dogara da sanin waƙoƙin Turawa, nan kan wuce Kawu, amma sauran ya bi tsaf. Da muka fito ya ce wannan ya fi na farkon wayo, amma na farkon ya fi daɗin zama. Ni ma haka na gani.

Ban so in bar garin ban ga ainihin gidan barkwancin ba, saboda haka a daren ƙarshe, bayan Kawu ya kwanta, ni da taubashina muka tafi ɗaya daga cikin ƙananan, wanda ba zan kama sunansa ba. Mun zaɓe shi ne don kusa yake kuma mutane da yawa ne za su hau. In ɗaya bai yi maka ba, ka jira na gaba. An duba fasfo ɗinmu a ƙofa saboda shekaru. Ɗaki ne mai duhu, silin ƙasa-ƙasa, teburori a matse, gwiwarka na taɓa ta baƙo. Mun ce lemo, ba wanda ya ɗaga gira. Tsarin a bayyane yake: mai gabatarwa ya fara ɗumama ɗaki, na tsakiya ya biyo, babban ya rufe da mafi tsawon lokaci, duka wajen awa ɗaya da rabi. A bayan ɗakin akwai ƴar fitila da ake kunna wa mai wasa in lokacinsa ya kusa cika, sai ka ga ya fara naɗe tabarmarsa.

Na ji wajen rabin abin da aka faɗa. Matar da ta hau a tsakiya ta yi magana a kan uwarta da ke kiranta a waya kullum tana tambayar yaushe za ta yi aure, wannan kam ban nemi tafinta ba, na yi dariya har da ƙwalla, domin uwar nan tana nan a kowace unguwa ta Yamai. Babban kuwa rabin wasansa batsa ce, ina ta godiya ga Allah da ban kawo Kawu ba. Da abin faɗarsa ya yi ƙasa sai ya juyo kan ƴan kallo. Mai raba kujeru ta ajiye mu kusa da gaba, hularmu kuma ta jawo idonsa. Ya tambaye mu daga ina. Taubashina ya ce Nijar. Mutumin ya ɗauka Najeriya ce, ya shiga tsohuwar rahar nan ta yarima mai aiko da wasiƙar neman lambar banki. Taubashina ya ce masa ƙasa biyu ce daban, amma in zai ba da lambar bankin ba za mu ƙi ba. Ɗakin ya fashe, mai wasan ya sara masa ya wuce teburi na gaba.

An yi dariya, ban ji haushi ba, amma a hanyar komawa abin ya tsaya mini. A wurinmu tsokana tana da dangantaka a ƙarƙashinta. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare, taubashi da taubashi, kowa ya san abokin wasansa, ya san iyakarsa, kuma wanda aka tsokana yana da haƙƙin ramawa daidai wa daida. Wannan ne ma UNESCO ta sa a cikin jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. A ɗakin can kuwa mutum ɗaya ne ke riƙe da makirufo. In ya tambaye ka, ka ba da amsa gajeriya. In ka zarce, ko ka sa baki ba a kira ka ba, masu gadi za su raka ka waje, an ma faɗi haka tun kafin a fara. Taubashina ya ci nasara ne domin ya shekara goma sha yana shaƙar iskar ƙasar, ya san tsawon igiyar da aka ba shi. Baƙon da ya zo jiya gara ya ce wa mai raba kujeru ta kai shi baya, ba ta ƙi.

Da muka dawo, takardar da na yi lissafin a kanta ta shiga hannun abokan kasuwancin Kawu, aka ɗauki hotonta ana turawa a WhatsApp, har wani Alhaji daga Tawa ya kira ni yana tambaya ko yana iya bin ta yadda take. Na ce masa ya bi rabe-raben amma ya sake duba kowane suna da kowane otal, domin wasannin garin nan ba sa zama wuri ɗaya. Tropicana da na rubuta a layi na biyar an rufe shi a Afrilun 2024, aka tashe shi da nakiya a Oktoba, a filin ne ake gina wa ƙungiyar Athletics wurin wasan besbol.